Ƙotar ƙashi ta tsage da hunturu, wane mai kuke sa wa wuƙarku?

Daga Marwa:
Slm 'yan uwa. Akwai 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa da na gada wajen Baba, Allah ya jiƙansa, ƙotarta ƙashin raƙumi ne. Bana da hunturu ya kankama sai ga tsaga siririya daidai wajen ƙusar tsakiya, wlh raina ya ɓaci sosai. Man gyaɗa nake ɗiga mata tun da, yanzu gaɓar ta yi danƙo sai na sa farce da ƙarfi kafin ta buɗe. Wanda ya taɓa fama da haka ya taimaka don Allah.

Mahauci, Garwa:
Allah ya jiƙan Baba. Ƙanina man gyaɗan nan shi ya daskarar maka da gaɓa, ni ma na yi shekaru ina haka, man girki in ya kwana biyu a ƙarfe tsami yake yi ya kama ƙura ya koma kamar ƙaro, man ja ma ya fi muni. Amma tsagar ba laifinsa ba ne, ƙashi ai yana shan ruwa, ya kumbura da damina ya motse da hunturu, ita kuwa ƙusa tana nan inda take, to a nan yake darewa. Da layya na ga yara sun zuba wuƙaƙe a bokitin ruwan zafi sun bar su har la'asar sannan suka shanya a rana, washegari ƙota biyu sun tsage, ɗaya tawa ce. Tun ranar ruwan wuƙar kawai nake wankewa, ƙotar tsumma mai ɗan laima, in goge nan take.

Tela, Ngaundare:
Nan namu damina ce matsala, ruwa wata shida ko fi, wuƙa ta kwana a aljihu da safe ka ga ja ja. Man keken ɗinki nake sa wa gaɓa, ɗigo ɗaya tak, in buɗe in rufe kamar sau 20 har baƙin datti ya fito in share. Amma da ita zare da leda nake yankawa, ba abinci ba.

Daga Kusiri:
Gaskiyar tela. Ni kamun kifi nake a Logon, akwai lokacin da nake shafa baƙin man inji don shi ke kusa a jirgi, tsatsa kam ta bari amma ƙashin ya shanye shi ya yi baƙi ƙirin, har yau bai fita ba, ga wari, kuma da ita nake gyara kifin da yara za su ci, da na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kar wanda ya gwada.

Hajiya, Garwa:
Ɗana, in kana fere mangwaro da ita ka je farmasi ka ce a ba ka man farafin, fari ne kamar ruwa, ba ya tsami ba ya wari, shi ake sha ma don taurin ciki. Na maigidana da shi nake gyarawa. Ƙotar kuma man kaɗanya kaɗan a yatsa, in murza ya kwana, da safe in goge. Zai ɗan sa ƙashin ya yi ruwan ƙwai, ni dai ban ga muninsa ba.

Daga Njamena:
Tawa Douk-Douk ce ta Faransa, ƙotar ƙarfe, ba ruwana da tsaga sai tsatsa, toka da lemun tsami nake dirza mata. Amma tsagarka mai ba zai haɗe ta ba fa. Ka tsaya da shafa komai a wajen, ka goge da alkol ya bushe, ka ɗiga Super Glue ya bi tsagar, in ka sa mai tukuna gam ba zai kama ba. Kuma kar ka bar ta a gaban mota da zafin Afrilu.

Daga Marwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na wanke gaɓar da kalanzir da tsohon buroshi, baƙin da ya fita ba kaɗan ba, yanzu tana buɗewa lafiya. Gam ɗin ne hannuna ke rawa, gobe zan kai wa wani tsohon maƙeri a bayan kasuwa ya duba tukuna, ya san Baba.