Mayar da yarinya mai goyo aji: tallafi ne ko buɗe ƙofar ɓarna?

Malam Hedimasta: Assalamu alaikum. Na san maganar nan ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A yankunan da cutar HIV mai karya garkuwar jiki ta yi katutu, ana ta kiran a mayar da yarinyar da ta haihu makaranta, har a haɗa mata da kuɗin tallafi. Ni a ganina koya wa sauran ne cewa ciki ba komai ba ne. 'Yar shekara 15 ta ga ƙawarta ta dawo da goyo, ga kuɗi a hannu, me kuke so ta ɗauka? A kula da lafiyarta, ban ƙi ba, amma a bar aji ga waɗanda suka kame kansu.

Anti Nas: Wa'alaikumus salam. Malam, ai an bi wannan hanyar an dawo. A 2017 Shugaba John Magufuli na Tanzaniya ya ce wadda ta yi ciki ba za ta koma makarantar gwamnati ba, a Nuwamban 2021 gwamnatin Samia Suluhu Hassan ta janye. Saliyo ma ta hana a 2015, kotun ECOWAS ta ce wariya ce, aka ɗage a 2020.

Malam Hedimasta: Sista, a faɗi gaskiya duka. Bankin Duniya ya riƙe wa Tanzaniya bashin dala miliyan 300 a 2018, kuma wannan batu na cikin dalilan. Wanda aka matsa wa lamba ya janye, ba shi ke nuna ya gamsu ba.

Hajiya Babba: Malam, kalmarka ta "kame kai" ce ta tsaya mini a rai. Wa ya yi wa yarinyar cikin? Sau da yawa ba sa'anta ba ne, babba ne da ya girme ta, mai abin hannu, wani lokacin ma da ƙarfi. Shi ne kuma yakan shafa mata cutar. Shi yana yawonsa, ita a kore ta. Idan ka rufe mata ƙofar aji, ba sana'a, ga jariri yana kuka, wajen wa za ta koma neman kuɗin sabulu in ba wajensa ba?

Ƙanwa Ɗaliba: Baba Malam, da izininka. Wani bincike a Botswana da aka wallafa a 2015 ya gano kowace ƙarin shekara a sakandare tana rage haɗarin kamuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. A Zomba ta Malawi kuma an gwada ba 'yan mata kuɗi duk wata. Bayan wata 18, masu cutar a cikin 'yan makarantar da aka ba kashi 1.2 ne cikin 100, waɗanda ba a ba ba kashi 3. Amma gwajin da aka yi a Mpumalanga ta Afirka ta Kudu bai nuna kuɗin ya rage kamuwa ba. Can, masu zuwa aji a kai a kai ne suka fi tsira. Kenan kuɗin ana iya gardama a kai, ajin kuwa shi ne kake son hanawa.

Anti Nas: Kuma duk mun manta da na bayanta. In uwa tana da cutar ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani, ƙasa da 5. To wa ke yanke shan magani? Yarinyar da aka tozarta. Ina ganinsu. Ta ɓare takardar jikin kwalbar ta cusa ta ƙasan kayan jariri don kada a gane a gida. Ta zo layin awo, manyan mata na kallonta sama da ƙasa, wata ma'aikaciya ta daka mata tsawa, shi ke nan ba za ka sake ganinta ba. Maganin ruwan da za ta riƙa ɗiga wa jaririn ya ƙare, gwajin cutar da ake yi wa jariri a sati shida ya wuce. Wallahi ranar da irin wannan ta dawo da yaro ya rame, ba na iya barci. Shi ya sa ƙungiyar mothers2mothers, da ta fara a Cape Town a 2001, take ɗaukar uwaye masu cutar aiki su raka sababbi. Yarinya ta fi sakewa da wadda ta sha irin abin da take sha.

Malam Hedimasta: Maganar jaririn ta shige ni, Sista. Kuɗin dai har yanzu ban yarda ba. Ajin kuma, ko na buɗe, ranar asibiti fa? Tana cin karo da darasi, ta yi fashi, ta faɗi jarrabawa.

Anti Nas: Wannan mai sauƙi ne in asibiti ya so. A haɗa ranar uwa da ta jariri wuri guda, a ware wa 'yan mata awa bayan an tashi makaranta, wadda jikinta ya karɓi magani a ba ta na wata uku lokaci ɗaya. Naka, Malam, ka ba ta damar fita ta shayar, kuma ka ja kunnen malamanka kada wani ya yi misali da ita a gaban aji.