Neman taimako kan wani zobe da ya bayyana a gonar dawa a yammacin Sennar

Assalamu alaikum, malamai masana kayan tarihi.

Ina nazarin hotunan Google Earth na gonakin damina da ke tsakanin garin Sennar da dutsen Jabal Moya a ƙasar Sudan, dutsen da attajirin magunguna Henry Wellcome ya yi haƙar kayan tarihi a cikinsa daga 1910 zuwa 1914. A wani hoto na ƙarshen damina, dawa ta yi kore shar a siffar zobe mai faɗin kusan mita 60, alhali sauran gonar ta fara rawaya, kuma zoben yana da giɓi ta gabas kamar ƙofa.

Ƙa'idar da na sani ita ce, ramin da ya cike yana riƙe danshi, sai shuka ta yi tsawo ta jinkirta nuna, katangar da ta binne kuwa takan sa shuka ta tsumbure. Matsalar ita ce baƙar ƙasar wannan yanki na Jazira laka ce mai tsagewa da rani, tana riƙe ruwa ko'ina, don haka ban amince da wannan ƙa'ida a nan ba.

Na duba hotunan rani, babu alamar komai. Na sauko da hoton CORONA, tauraron ɗan'adam na leƙen asirin Amurka, na shekarun 1960, amma ya yi dishi-dishi a daidai wurin. Manomin da na tambaya ta waya ya ce bai taɓa tsintar ko guntun fasasshiyar tukunya ba, kuma halin da Sudan ke ciki ya hana ni zuwa da kaina.

Daga hoto kaɗai, wace alama ce za ta raba ramin ganuwa na dā da tsohon hafiri (tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama) ko makwancin shanu da taki ya ƙosar?

Na gode.