Ɗana ya ce wa kakarsa rana ba ta faɗuwa, yanzu gidan ba lafiya

Maman Abba (Agege): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Surukata ta zo daga Gusau sati uku da suka wuce don a duba mata ido. Tun a hanya ta sha wuya, motarsu ta kwana a Mokwa, ta iso ƙafafunta a kumbure, ni na riƙa gasa mata da ruwan zafi. Ɗakinmu na ba ta, ni da yara muka koma falo. Abincin nan ba ta ci, kullum sai na tuƙa mata tuwo daban, miyar kuka ma sai na je har Mile 12 na samo mai kyau. Ban faɗa don gori ba, don ku san ban raina ta ba ne.

To, shekaranjiya aka ɗauke wuta, muka fito baranda bayan magariba. Jinjirin wata ya fito, ga tauraruwa mai haske a gefensa. Hajiya ta nuna wa yara ta ce ga Zara matar wata nan. Sai Abba, ɗan shekara takwas, ya ce wai ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu. Ya ƙara da cewa wata ba shi da hasken kansa, kuma rana ba ta faɗuwa, mu ne ke juyawa. Hajiya ta ce a gidan uban wa? Ya ce malaminsu ya faɗa. Ta juyo ta dube ni, ni kuma na yi dariya, wallahi ba da nufin komai ba. Tun daren ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Yanzu ta ce da shi za ta koma, a sa shi makarantar allo kafin boko ta gama cinye shi. Ni sakandare na tsaya, ban san abin da zan ce wa yaron ba, ban san na Hajiya ba. Ya zan yi?

Ummu Sadik: Wa'alaikumussalam. Ina mahaifin yaron? Duk labarin nan ba ki ambace shi ba.

Malama Rabi (Idi-Araba): Shekara 22 ina koyar da firamare, don haka ki saurara. Yaron nan bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Zara ita ce Turawa ke kira Venus, duniya ce da ke zagaya rana kamar tamu, kuma ita ce dai Gamzaki idan ta koma fitowa da asuba. Wata kuwa dutse ne da ƙura, hasken rana yake amsowa. Yau da dare ki kashe fitila, ki ba Abba lemo ya riƙe, ki haska shi da tocila daga gefe. Rabin lemon zai yi haske, rabi duhu. Ya juya a hankali da lemon a gabansa, zai ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa. Shi ke nan jinjirin wata da tsakiyar wata. Zagayen yana cin kwana 29 da rabi, shi ya sa watanmu yake yin 29 ko 30, shekararmu ta zama kwana 354, azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Ki yi gwajin a gaban Hajiyar ma.

Ummu Sadik: A gabanta? Malama, so kike a kori baiwar Allah?

Hajiya Binta mai atamfa: Ni fa ba ilimin ne ya dame ni ba, bakin yaran Legas ne. Nawa ma haka suke. Kuɗin makaranta an ƙara mana sau biyu a shekara ɗaya, ga kuɗin littafi, ga na wani biki da ban san dalilinsa ba, ƙarshenta yaro ya dawo ko "ina kwana" bai iya da Hausa ba. Ranar nan autata ta ce min wai ban iya kiran sunan kwamfuta ba. Ni da na sayi kwamfutar! Ki ja masa kunne, ko gaskiya ce babba ba a ƙaryata shi.

Maman Abba: Hajiya Binta, Abba ba mara kunya ba ne. A tsugune yake gaida ta, Hausarsa kuma garau. Tambaya ce da shi kawai. Ko a danfo sai ya dame ni wai me ya sa wata ke bin mu tun daga Oshodi.

Malama Rabi: Wannan ma amsarsa mai sauƙi ce. Nisa ne. Wata yana kusan kilomita 384,000 daga nan, tafiyar danfo ba ta isa ta sauya inda kike hango shi ba, alhali shagunan bakin titi suna wucewa fuu. Rana kuwa kusan kilomita miliyan 150, haskenta ma sai ya yi minti takwas kafin ya iso. Batun juyawa, ki tambayi Hajiyar: me ya sa 'yan Maiduguri ke shan ruwa da azumi mu a Legas muna nan rana tsaye? Ƙasa ce ke juyawa zuwa gabas, su suke fara shiga dare. Kuma tunda 'yar Gusau ce, ai ta ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi. Masana sun faɗi ranar da lokacin tun kafin ya zo. Da lissafin ƙarya ne da bai zo daidai ba.

Anti Zulai (Alaba Rago): Allah sarki, kin tuna min. Mu da muna yara a Funtuwa, in wata ya yi zazzaɓi sai mu fito da gwangwanaye muna kaɗawa wai rana ta kama shi, ta sake shi. Kakata ta nuna min taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, da su take gane damina ta kusa. A nan fa? Hayaƙin janareto da fitilu sun rufe sama, tauraro goma ba ka ƙirgawa. Mai gidan da muke haya ma ya kulle ƙofar saman bene, wai muna shanya. Ni dai da ni ce, sai in bar shi ya je Gusau ko hutu ne, ya ga sama da idonsa.

Ummu Sadik: Hutu? In ya tafi sai dai ki ji labari. Kada ki yarda.

Malama Rabi: Kuma kada a jingina abin da addini. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ce, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, a tashi a yi sallah. Ganin wata ma har yau kwamitin Sarkin Musulmi ke tantancewa. Sanin sama namu ne tun asali.

Hajiya Binta mai atamfa: Malama, duk mun ji. Amma ba lacca tsohuwar ke nema ba. Dariyar nan ce ta ƙona mata rai. Maman Abba, ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki haɗa da turmi ɗaya.

Maman Abba: Haƙurin me zan bayar? Ba ita na yi wa dariya ba, yadda ya riƙe ƙugu yana bayani ne ya ba ni dariya. In na durƙusa, kamar na yarda yaron ya yi laifi ke nan, gobe ba zai ƙara buɗe baki ya yi tambaya ba. Ni haka aka yi min har na daina.

Ummu Sadik: Har yanzu dai ba ki ce komai kan mahaifinsa ba.

Malama Rabi: Kin gwada lemon?

Maman Abba: Na sayo guda uku a bakin titi. Kafin in nemo batirin tocila Hajiya ta ɓare biyu ta raba wa yara, ta kira Abba ta ba shi kashi mafi girma. Ni dai har yanzu ba ta kula ni ba. Jibi za mu koma wajen likitan ido, kuma jakarta na nan a ɗaure a bakin ƙofa.