Awon densiti kafin a sauke tanka: yaya kuke yi a wurinku?

Sabon manaja, Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni riƙon gidan mai, kuma maigidan ya ce kada in sa hannu a kan kowace tanka sai na auna densiti, wato nauyin mai idan aka gwada shi da na ruwa. Ya sayo haidiromita uku, wato abin da ake tsomawa a mai a karanta densitinsa, ta fetur da ta kananzir da ta gas (dizal), ga silinda ta gilashi da ma'aunin zafi. Karantawa kam na iya. Abin da nake son ji daga waɗanda suka daɗe a harkar shi ne, wannan awon ya taɓa kama muku gurɓataccen mai kuwa? Kananzir ne ya fi damuna, tunda mata ke saye su shiga da shi cikin gida.

Tsohon manaja, Zariya: Wa alaikumus salam. Ya kama min, ƙanena. Wata tankar gas ce ta iso bayan la'asar, wabil, wato takardar da ke rako lodin, ya ce 0.845. Ɗakin tankar na farko da na biyu suka yi daidai da takarda, na uku ya ba ni 0.828 bayan na yi gyaran zafi, wato na mayar da lambar zuwa digiri 15. To 0.828 bai fita daga iyakar gas ba, domin gas yana farawa ne daga 0.820. Wanda ke duba iyaka kawai, da ya sauke. Ni da wabil nake gwadawa, kuma dokar gidanmu ita ce in bambancin ya haura 0.003 ba a saukewa. Na ce a mayar. Aka yi ta buga min waya har dare, wannan ya roƙa wancan ya yi barazana, ban sa hannu ba. Shawarata: kowane ɗaki ka ɗebi samfurinsa daban, sama da tsakiya da ƙasa. Ka bar tankar ta ɗan huta, ka shafa man gano ruwa a bakin sandar awo ka zura har ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, can yake kwanciya, haidiromita ba za ta gan shi ba in daga sama ka ɗiba.

Direban tanka, Gusau: Oga, ku ma ku riƙa yi mana adalci. Na ɗauko fetur daga Legas, takarda ta ce 0.742. Na iso da tsakar rana a watan Afrilu, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Wani yaro ya tsoma abin awonsa ya ga 0.725, nan take ya fara ihu wai na yi algus a hanya. Ga sil ɗina, wato hatimin da aka rufe tankar da shi, duk lafiya. Sai da wani dattijo a gidan ya sa ma'aunin zafi, man yana digiri 35, ya buɗe teburin gyaran zafi ya mayar da lambar zuwa digiri 15, lamba ta dawo daidai da wabil. Ko haƙuri yaron bai ba ni ba.

Mai aikin ɗakin gwaji, Kaduna: Direba ya yi gaskiya. Duk lambar da ke kan wabil a digiri 15 aka rubuta ta. Mai in ya yi zafi yana buɗewa ya rage nauyi, fetur yana sauka da kusan 0.0008 zuwa 0.0009 a kowane digiri, gas kuma wajen 0.0007. Don haka awo ba tare da ma'aunin zafi da teburin gyara na ASTM (ƙungiyar tsara ƙa'idojin gwaji) ba, aikin banza ne.

Amma Malam na Funtuwa, a kan kananzir ka tambaya, kuma nan ne nake so ka natsu. Fetur yana tsakanin 0.720 da 0.775, kananzir yawanci kusa da 0.800. Ɗauki kananzir mai 0.800, a zuba masa fetur mai 0.740 kashi 10 cikin 100, abin da zai fito 0.794 ne. Wannan lamba ta kananzir ce lafiyayye a idon duk wanda bai riƙe wabil ba. In kashi 3 aka zuba, saukar ba ta kai 0.002 ba, ko dokar Oga na Zariya ba za ta kama shi ba. Alhali abin da ke ƙona mutane ba nauyin man ba ne, tururinsa ne. Kananzir na ƙwarai ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya kai digiri 38 ko sama. Fetur kuwa tun yana ƙasa da sifili da digiri 40 yake fitarwa. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya sauko da na kananzir ƙasa da zafin ɗaki. Na sha gwada samfurin da densitinsa ya yi kyau, launinsa fes, amma ina kusanto da 'yar wutar na'urar gwajin kama wuta, tun ban fara ɗumama shi ba, sai fat! Wannan gwajin na matakin kama wuta shi ne ke raba gardama a kananzir, haidiromita mai gadin ƙofa ce kawai.

Kuma ba kullum mugunta ba ce. Tankar da ta yi dakon fetur jiya, yau aka loda mata kananzir ba a tsiyaye ta sosai ba, ita ma ta isa.

Ma'aikaciyar jinya, Kano: Ni ban san lambobinku ba, sakamakon nake gani. Wata baiwar Allah da muka yi jinya, risho take ƙara wa mai yana ci, yadda ta saba yi shekara da shekaru ba abin da ya taɓa faruwa. Ran nan galan ɗin ya kama a hannunta. Fuska, ƙirji, hannaye biyu. Ta ce ta ji warin man ya ɗan bambanta amma ta ɗauka hancinta ne. Don Allah yayyena masu gidan mai, ku riƙa faɗa wa masu saye: a kashe fitila ko risho ya huce kafin a ƙara mai.

Makanike, Abuja: Allah ya ba ta lafiya, Anti. Ku tuna da Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai sinadarin methanol a ciki, har layin mai ya dawo Abuja da Legas. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, da kansa ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi bai haɗa da auna methanol ba. Nauyin methanol 0.79 ne, in ya shiga fetur ɗan ɗagawa kawai yake yi, lamba tana nan cikin iyaka. A garejinmu da ruwa muka riƙa ganewa: ka zuba ruwa kaɗan a kwalba ka yi masa alama, ka cika da fetur, ka girgiza ka ajiye. In ruwan ya haura alamar, ya janye wani abu daga cikin man.

Mai gidan mai, Damagaram: Mu nan man matatar SORAZ ta nan Damagaram muke sayarwa, takardunmu da 745 ake rubutawa maimakon 0.745, duk abu ɗaya ne. Abin da zan ƙara: na ga masu bumburutu suna gwada kananzir da ashana, a ɗiga a ƙasa a ƙyasta. Kada ka bari a yi wannan a harabarka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru a kwata da bakin tanki.

Sabon manaja, Funtuwa: Na gode ƙwarai. To mu da ba mu da na'urar gwajin kama wuta fa?

Tsohon manaja, Zariya: Ka nemi takardar shaidar inganci daga daffo tare da wabil, akwai lambar matakin kama wuta a ciki. Ka tambayi direba abin da ya ɗauka kafin wannan lodin. Sannan kowace tanka ka cika kwalba biyu, ka rufe, ka rubuta lambar mota da rana, kai da direba ku sa hannu. In ranka bai kwanta ba, rufe famfon kananzir, ka kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji ko ofishin NMDPRA, hukumar sa ido kan harkar mai, na jiharku, ɗayar ka kulle ta a wuri mai inuwa nesa da janareta.