Kayan huda na fitowa a jiƙe daga na'urar kashe ƙwayoyin cuta

Salam 'yan uwa masu sana'ar huda da zanen jiki, don Allah ku taimaka min. Sati biyu ke nan, duk lokacin da na sa almakashi da filaya a na'urar tururi, digiri 134, sai ledojin da nake rufe kayan da su su fito da raɓa a ciki. Layin gwajin da ke nuna tururi ya yi aiki yana sauya launi, amma leda jiƙaƙƙiya ai ba a yarda da tsabtarta ba. Na rage kaya, na canza ruwa, na ƙara lokacin busarwa, shiru. Na dakatar da huda, don ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin aƙalla kwana 7 a raye a kan ƙarfe. Robar ƙofar ce ta saki, ko jerin ledojin nake ɓatawa?