Wane Suna Ya Dace da Wasan Chess a Hausa?

Na daɗe ina jin masu rubutu suna kwatanta tafiyar da rayuwa da wasan chess, amma idan aka zo ga sunansa a Hausa sai a ce "darar Turawa", kuma wannan sunan bai kwanta mini ba. Wasan ba a Turai ya samo asali ba. A Indiya ya fara wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranj, sannan ya ƙetara zuwa Turai ta Andalus.

Shawarata ita ce mu kira shi darar sarki. Kalmar dara ta riga ta ɗauke mana nauyin gidaje da 'ya'ya da ci, abin da ya rage shi ne mu nuna inda suka bambanta. A dara 'ya'ya duk darajarsu ɗaya, alhali a nan kowane ɗan wasa yana da 16 a kan gidaje 64, kuma kowanne da irin tafiyarsa: doki yana tsallake na gabansa, giwa tana bin karkace, waziri, wanda Turawa suka mayar sarauniya, yana zuwa duk inda hanya ta buɗe. Sarki kuwa taku ɗaya yake yi, amma da zarar an ritsa shi babu mafita, wasa ya ƙare ko da rundunarsa tana nan cike.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙaramin cikinsu, kuma ina ganin dakare ne sunan da ya dace da shi. Ba ya komawa baya. Shi ya sa za ka ga gwani ya kai hannu kusa da shi, ya tsaya, ya janye, domin a ƙa'idar gasa abin da ka taɓa sai ka motsa shi. Zarar bunu ce. Haka mutum yake tsayawa kafin ya ajiye aiki ko ya sa hannu a yarjejeniya. Wani lokaci ma da gangan ake ba da dakare domin a buɗe wa waziri hanya, kuma wanda ya yi rawar jiki ya ci shi, sai dara ta ci gida.

Masu son a ari shaɗaranji daga Larabci suna da hujja, amma kalmar ba ta gaya wa mai sauraro komai game da wasan, don haka na fi karkata ga darar sarki.