Taurari da alminiyam: yadda aka kaya a zauren 'yan Arewa na Legas

Mai Albasa, Mile 12: Jiya a majalisa an yi min dariya, wai na karanta kimiyya na ƙare a buhun albasa. To ku saurara. Manyan taurari na ƙera wani irin alminiyam mai lamba 26, lambar nauyin ƙwayar zarrarsa ke nan. Ba ya daɗewa, rabinsa kan rikiɗe cikin shekara kusan 700,000, yana sakin hasken gamma, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya iya gani. Tauraron ɗan'adam na Amurka, HEAO-3, shi ya fara hango hasken, aka sanar a 1984. Tunda har yau ana ganinsa, ashe ana ta yin sabo ke nan. Mai dariyar jiya ya fito ya musa.

Malam na Idi-Araba: "Ƙera"? Subhanallahi. Yaro, gyara bakinka. Allah kaɗai ke halitta.

Mai Albasa: Allah gafarta Malam, maƙeri ma yana ƙera fartanya, ba wanda ya ce halitta ya yi.

Ɗan Sakkwato: Ka ji Bakano! Malam ne kake mayar wa magana?

Direban Apapa: Shi dai bai ce "halitta" ba. Ku koma sama ku karanta.

Ɗan Sakkwato: Ƙera da halitta duk kanwar ja ce.

Hajiya Mai Tuwo, Agege: Ni tukwanena duk na alminiyam ne fa. Kada ku kore min masu ciniki.

Mai Albasa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Naki mai lamba 27 ne, ba ya fitar da komai. Shi ma hasken na sama iska ke shanye shi kafin ya iso ƙasa, shi ya sa sai an harba na'ura sararin samaniya, kamar INTEGRAL da Turai ta harba a 2002.

Direban Apapa: Ɗan Sakkwato, kai da ba ka biya kuɗin ƙungiya ba tun azumi, har kana da bakin fatawa?

Ɗan Sakkwato: Ma'aji ya fito da littafi! Ku Kanawa ne ke riƙe da asusun ai.

Hajiya Mai Tuwo: Littafin da aka ce ruwa ya jiƙa?

Shugaban zaure: Ya isa. Abin da aka cimma: Malam ya yi gyara, kuma gyaran ya karɓu. Mai Albasa ya goge kalmar "ƙera". Zagin Sakkwatawa kuma, mu ba za mu lamunta ba, Direba na da gargaɗi ɗaya. Batun asusu sai Lahadi bayan la'asar. Na rufe zaure zuwa safe.